Salif biyu, suna guda

Bahaushe ba ya wasa da takwara. Idan aka raɗa wa jariri sunan wani dattijo, to an ƙulla zumunta ke nan wadda ba ta bukatar jini: dattijon zai kai abin da ya sawwaƙa ranar suna, zai riƙa tambayar lafiyar yaron, idan salla ta zo ya ɗinka masa riga, yaron kuma in ya yi wayo ya san akwai mutumin da ake sa ran ya ɗauko halinsa. Shi ya sa ake cewa suna linzami ne. Amma akwai takwarakar da babu wanda ya shirya ta, wadda ƙaddara ce kurum ke haɗa mutum biyu a kan suna guda, ta bar jama'a cikin ruɗani. Irin wannan ce ta auku a ƙasar Mali, maƙwabciyar Nijar ta yamma.

Ranar 2 ga watan Satumba na 2023 gidajen rediyo suka ba da sanarwar cewa Salif Keita ya rasu a Bamako. Kafin a kai ga salati da addu'a, tambayar da ta riga fita daga bakin mutane da yawa ita ce: wane Salif Keita? Domin mutum biyu ne suka yi shekara fiye da hamsin suna amsa wannan suna a gaban duniya, kuma kowanensu ya isa a ce shi ne mai shi. Ɗaya ɗan ƙwallon ƙafa ne, an haife shi a Bamako a 1946, shi ne wanda Allah ya yi wa cikawa yana da shekara 76. Ɗayan mawaƙi ne, an haife shi a ƙauyen Joliba a 1949, shi kuwa ya ci gaba da sana'arsa har ya fid da sabon faifai a 2025. Dattijon da ya riƙa kasa kunne ga akwatin rediyo don jin wasannin Faransa a shekarun 1970 ya fi sanin na farko. Wanda ya yi samartaka a zamanin kaset, a Maraɗi ne ko a Damagaram ko a Yamai, ya fi sanin na biyu.

Abin da ya sa ya kamata a tsaya a kan labarin mutanen nan ya wuce ruɗanin suna. Sunan da suka ɗauka yana cikin mafiya nauyi a Afirka ta Yamma, kuma ya zo da sharuɗɗan abin da mai shi zai yi da abin da ba zai yi ba. Su biyun babu wanda ya bi hanyar da aka share masa, amma a ƙarni na 20 da wuya a sami waɗanda suka kai sunan nesa kamar yadda suka kai shi.

Nauyin sunan

Salif dai shi ne Salifu da aka sani a nan, sunan yanka ne irin na kowa. Keita kuwa, kada mutumin Adar ya ɗauka garinsu ake nufi, sunan zuriya ne, abin da Malinke da Bambara ke kira jamu. A wurinsu jamu ya fi sunan yanka ƙarfi. Idan mutum biyu suka gaisa, kowa kan kira jamun ɗan'uwansa don girmamawa, kuma daga jin jamun an san kakannin mutum, an san da wa yake wasan barkwanci, an san gidan da zai iya neman aure da gidan da ba zai taka ba.

Keita shi ne jamun Sunjata, sarkin da ya ci Sumanguru Kante da yaƙi a Kirina wajen shekara ta 1235, ya kafa daular Mali. Daga wannan gida ne Mansa Musa ya fito, wanda hajjinsa na 1324 ya girgiza kasuwar zinariya a Masar. Modibo Keita, shugaban Mali na farko bayan samun ƴancin kai a 1960, shi ma wannan suna ya ɗauka. A tsarin da aka gada tun daga wancan zamani, jama'a ta kasu gida-gida. Akwai horon, wato ƴaƴan asali, aikinsu noma da farauta da yaƙi da mulki. Akwai kuma masu sana'o'in gado, maƙera da dukawa da jeli, su jeli su ne makaɗa kuma maroƙa kuma masu riƙe da tarihi. Gidan Keita yana da nasa jeli tun fil azal, su ne Kuyate, jikokin Bala Faseke Kuyate wanda ya yi wa Sunjata hidima. Doka a fili take: Keita ana yi masa waƙa, shi ba ya yi. Nasa ya zauna, a wasa shi, ya sa hannu a aljihu.

Mai karatu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, domin ƙasar Hausa ta san irin wannan. Ɗan sarauta ba ya rataya kalangu. An bambanta ɗan gado da ɗan haye, wato wanda ya taras da sana'a a gidansu da wanda ya hau ta daga sama, kuma an fi yi wa ɗan haye kallon raini. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, ga shi kuwa har yau babu gidan Bahaushe da muryarsa ba ta shiga ba. Ƙwallo kuma ba ya cikin lissafin magabata ko kaɗan, Turawa suka zo da shi, dattawan wancan lokaci ba su ɗauke shi sana'a ba, wasan yara ne mai kashe takalmi da hana karatu.

Taksin Orly

Salif na ƙwallo, wanda aka fi sani da laƙabin Domingo, ya soma buga tamola a unguwannin Bamako, yana ɗan shekara 16 aka kira shi cikin ƙungiyar ƙasa. Ya kai wasan ƙarshe na kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka sau biyu a jere, a 1965 da Stade Malien, a 1966 da Real ta Bamako, duka biyun kofin ya suɓuce. Wani ɗan Labanan mazaunin Bamako, mai sha'awar ƙungiyar Saint-Etienne ta Faransa, ya dinga aika wa shugabanninta wasiƙu yana ba su labarin yaron, har suka yarda su gwada shi.

Sai dai fita ba ta da sauƙi. Hukumomin Mali na lokacin, a ƙarƙashin wani Keitan, wato Modibo, ba sa son ƴan wasan ƙasa su tafi Turai. Saboda haka a watan Satumba na 1967 saurayin ya sulale a ɓoye, ya bi ta Monrobiya a Laberiya, ya hau jirgi zuwa Pari. Ya sauka filin jirgin sama na Orly kafin ranar da ake jiransa, bai taras da kowa ba. Sai ya nuna wa wani direban taksi wasiƙar ƙungiyar, ya ce a kai shi Saint-Etienne, tafiyar kilomita wajen 500. Direban ya kai shi. Kuɗin mota ya kama tamma 1060 na Faransa, wato jika 53 na kuɗin CFA a canjin wancan zamani, ƙungiyar ta biya. Har yau mutanen garin suna ba da wannan labari, suna cewa ba su taɓa yin ciniki mai riba kamarsa ba.

Gaskiyarsu kuwa. Da shi Saint-Etienne ta ci gasar Faransa sau uku a jere, a 1968 da 1969 da 1970, ta haɗa da kofin Faransa a 1968 da 1970. A kakar wasa ta 1970 zuwa 1971 ya jefa ƙwallo 42 a raga, Josip Skoblar na Marseille ne kaɗai ya wuce shi da 44, adadin da har yanzu babu wanda ya kamo a gasar Faransa. Saboda taushin jikinsa da saurin kai farmaki aka yi masa kirari da baƙar damisa, ƙungiyar ta mayar da damisar tambarinta. A 1970 mujallar France Football ta ƙirƙiro kyautar ƙwallon zinariya ta Afirka, sunan farko da aka rubuta a jerin shi ne Salif Keita. Su Roger Milla da George Weah da Abedi Pele duk a bayansa suka biyo.

Abin da ya fi ƙwallayen nuna halin mutumin shi ne abin da ya faru bayan ya koma Marseille a 1972. Doka ta ƙayyade yawan baƙin da ƙungiya za ta sa a fili lokaci guda, Marseille kuwa tana da Skoblar da Roger Magnusson, baƙi biyu da ba ta iya ajiyewa. Shugabannin suka ga hanya mafi sauƙi ita ce Salif ya karɓi takardar zama ɗan Faransa. Ya ƙi. Mutumin da ya bar ƙasarsa a ɓoye, wanda ake iya cewa ya juya mata baya, shi ne ya gwammace ya rasa gurbinsa da ya sake takardarsa ta Mali. Ya tattara ya tafi Valencia a Sipaniya a 1973, daga nan Sporting ta Lisbon a Fotugal a 1976, ya ƙarasa a Amurka, inda ya ajiye takalmi a 1980, ya kuma yi karatun harkar kasuwanci a Boston.

Abu guda bai samu ba, shi ne ya ɗaga wa Mali kofi. A watan Maris na 1972, a Yawunde, Mali ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka, ciwo ya hana shi ƙarasa wasan, Kwango ta ci 3 da 2. Wataƙila wannan bashi ne ya sa da ya dawo gida bai zauna cin tsohon suna ba. Ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin riƙon ƙwarya ta 1991 bayan faɗuwar Janar Musa Tarawore. A 1994 ya buɗe makarantar horar da yara ƴan ƙwallo a Bamako, wadda ke ɗauke da sunansa, ita ce irinta ta farko a ƙasar. A wannan shekara kuma ya fito a fim ɗin Le Ballon d'or na Cheik Doukouré, ɗan ƙasar Gine, a matsayin mai koyar da yara ƙwallo. Daga 2005 zuwa 2009 ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Mali.

Zabiya

Shekarar da ɗan ƙwallo ya ƙetare teku, kusan a lokacin ne takwaransa ya baro ƙauye ya shigo Bamako da jita da yunwa. Joliba tana bakin kogi, kudu da Bamako, sunanta ma shi ne sunan da Malinke ke kiran kogin, wannan dai kogin Isa da ke ratsa Yamai. A can aka haifi yaro fari fat a gidan iyaye baƙaƙe. Zabiya ne.

Harshen Hausa ya ajiye wani abin lura a nan. Kalma guda ce ake kiran mutumin da aka haifa ba launi a fatarsa da ita, ita ce kuma ake kiran mace mai waƙa a gidajen biki: zabiya. Duka biyun jama'a ta saba ta kalle su daga nesa, ta yi maganarsu a bayan ido. Yaron Joliba ya haɗa ma'anonin biyu a jiki guda, ga shi kuma ɗan gidan da ba a waƙa.

Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ƙuruciyarsa: yadda ake ɗaukar haihuwar irinsa a matsayin mugun alkaba'i, yadda wasu kan tofar da yawu idan ya gifta, yadda rana ke ƙona shi idan ya fita gona. Aikin da aka fi ba shi shi ne korar birai da tsuntsaye daga masarar mahaifinsa, kuma ya ce a wajen wannan kururuwa ce muryarsa ta buɗe. Ya yi lakol, ya yi ƙoƙari, burinsa ya zama malamin makaranta. Aka hana shi saboda raunin ido, wanda yake tafiya tare da halittarsa. Ƙofar noma rana ta rufe masa ita, ƙofar koyarwa hukuma ta rufe, ƙofar da ta saura ita ce wadda jamunsa ya haramta. Ya shige ta. Mahaifinsa ya yi fushi da shi shekaru.

A Bamako ya kwana a kasuwa, ya yi waƙa a mashaya ana jefa masa ƴan kuɗi. A 1970 Tidiani Kone, mai busa ƙaho, ya jawo shi cikin Rail Band, ƙungiyar makaɗa da kamfanin jirgin ƙasa ya kafa don nishaɗantar da baƙi a otel ɗin tashar Bamako. Cikin abubuwan da ya rera a can har da tarihin Sunjata. Wato jikan sarki ne ya tsaya a inda Kuyate ya kamata ya tsaya, yana wasa kakansa da bakinsa. Wanda ya san tarihin kuwa zai ga abin bai yi nisa da asali ba, domin masu riƙe da labarin sun ce Sunjata kansa ya daɗe yana jan gindi bai yi tafiya ba, kishiyar uwarsa tana yi masa gori, har ta kai shi da uwarsa suka yi gudun hijira kafin ya dawo ya ci sarauta. Sunan Keita da yaron da aka raina ya soma.

A 1973 ya bar Rail Band, Mory Kante, jeli ɗan gado daga Gine, ya gaji wurinsa. Shi kuma ya koma Les Ambassadeurs, inda ya haɗu da makaɗin jita Kante Manfila. A 1978 suka ƙaura Abijan, a 1984 ya wuce Pari. Faifansa Soro na 1987, wanda Ibrahima Sylla ɗan Senegal ya ɗauki nauyi, shi ne ya buɗe masa ƙofofin Turai da Amurka, domin ya ɗora muryar Manden a kan kayan kiɗa na zamani ba tare da ta ɓace a cikinsu ba. Amen ya biyo a 1991, Folon a 1995, Moffou a 2002. Aka yi masa laƙabi da muryar zinariya ta Afirka. Ga ƙwallon zinariya, ga muryar zinariya, duka a kan suna guda.

Shi ma da ya samu bai manta da inda ya fito ba. A 2005 ya kafa gidauniya don taimakon zabiyoyi. Faifansa La Différence na 2009 a kan wannan batu ya tsaya. A watan Mayu na 2018 aka sace wata yarinya zabiya ƴar shekara 5 a garin Fana, aka yi mata kisan gilla irin na masu neman sassan jiki don tsafi. A watan Nuwamba na shekarar ya je garin da kansa ya yi wasa a bainar jama'a don kada a binne maganar tare da ita.

Ladan kuturu

Ba a yi wa mutum adalci idan aka faɗi alherinsa kurum. Ɗan sarkin da ya ɗauki aikin maroƙi ya ɗauka har da wahalarsa, wahalar maroƙi kuwa ita ce ubangida. Les Ambassadeurs suna ƙarƙashin inuwar Tiekoro Bagayoko ne, shugaban jami'an tsaro a mulkin soja na Musa Tarawore, kuma kama shi da aka yi a watan Fabrairu na 1978 yana cikin abin da ya sa suka bar ƙasar. A 1977 shugaba Seku Ture na Gine ya ba Salif lambar girma, a lokacin da wasu ke ƙyamar ko gaisawa da shi. Salif ya rama da waƙar Mandjou, wadda aka ɗauka a Abijan a 1978, ta yabon Seku Ture da zuriyarsa. Masana kiɗa suna sa ta cikin mafiya kyau da aka taɓa yi a Afirka ta Yamma. Amma a wannan shekara ta 1977 ce Diallo Telli, babban sakatare na farko na ƙungiyar haɗin kan Afirka, ya mutu da yunwa da ƙishirwa a kurkukun Boiro na Konakiri, kuma ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waƙar tana nan da daɗinta, kurkukun yana nan a cikin tarihi, mai saurare ba ya iya ɗaukar ɗaya ya ce bai ga ɗayan ba.

Batun bai tsaya a zamanin da ba. Bayan juyin mulkin watan Agusta na 2020, wanda ya kifar da wani Keitan, Ibrahim Bubakar, mawaƙin ya shiga majalisar riƙon ƙwarya a watan Disamba na shekarar, ya fita a 2023, aka naɗa shi mai ba Kanar Assimi Goita shawara. Masoyansa suka rabu biyu, wasu na ganin kishin ƙasa ne, wasu na ganin tsohuwar hanyar nan ce ta kusantar mai mulki. Ɗan ƙwallon ma ya ɗanɗana kujerar gwamnati da ta hukuma, ya kuma sha suka irin wadda duk mai riƙe da harkar ƙwallo a Afirka ke sha. Suna mai girma ba ya wanke mai shi daga hisabin jama'a.

Saidu biyu

Kamar ruɗanin Salif biyu bai isa ba, Bamako ta sake haɗa wasu takwarorin a kan jamu guda, ɗaya a wasa ɗaya a fasaha. Seydou Keita, wato Saidu, ɗan ƙwallo, an haife shi a 1980, ɗa ne na dangi ga Domingo, kuma a makarantarsa ya tashi. A 1999, a gasar duniya ta matasa da aka yi a Najeriya, Mali ta zo ta uku, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Ya buga wa Barselona daga 2008 zuwa 2012, ya ci kofin zakarun Turai sau biyu, a 2009 da 2011, ya kuma sa rigar Mali fiye da sau ɗari.

Ɗaya Seydou Keitan mai ɗaukar hoto ne, an haife shi a farkon shekarun 1920. Aikin kafinta ya koya wajen mahaifinsa, har wani kawunsa ya kawo masa ƴar akwatin hoto daga Senegal a 1935. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a farfajiyar gidansu a Bamako. Da hasken rana yake aiki, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ara masa agogo ko rediyo ko babur ya riƙe, don kowa ya fito yadda yake so a tuna da shi. Dubban mutanen birnin sun zauna a gabansa har zuwa 1962, lokacin da gwamnati ta ɗauke shi aiki. Ya adana finafinan hotunan a cikin akwati, duniya ba ta san da shi ba.

A 1991 aka baje wasu daga cikin hotunansa a wani bikin nuna kayan fasaha a birnin Niyok, a ƙarƙashinsu aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Mutumin da ke ɗauke da sunan sarakunan Mali ya shiga duniya ba suna. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya zo Bamako da kwafin hotunan a hannu yana tambaya, Malick Sidibé, shi ma mai ɗaukar hoto, ya duba ya gane hannun. A 1994 aka yi masa baje koli nasa na kansa a Pari, a can kuma ya rasu a 2001. Babbar kyautar bikin masu ɗaukar hoto na Afirka da ake yi a Bamako sunansa aka sa mata. A nan aikin ne ya riga zuwa, sunan ya biyo shi daga baya.

Akwai kuma wadda ta haɗa gidajen biyu. Nantenin Keita, ƴar mawaƙin, an haife ta a Bamako a 1984, ita ma zabiya ce mai raunin ido. Gudu ta zaɓa. A wasannin naƙasassu na duniya na 2016 a Riyo ta ƙasar Burazil ta ci lambar zinariya a tseren mita 400, da sunan Faransa inda ta girma, a 2024 kuma tana cikin mutum biyu da suka riƙe tutar Faransa a bikin buɗe wasannin a Pari. Ɗan ƙwallo ya shiga fim, ƴar mawaƙi ta shiga fili.

Gado da haye

Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma maganar ba ƙarya ba ce. Sana'ar gado ta riƙe tarihi, ta riƙe ilmin ƙira da jima da kiɗan fada shekaru aru-aru ba tare da takarda ba. Ba don Kuyate ba da babu wanda ya san Sunjata. Amma gado yana faɗin inda mutum ya fito ne, Allah bai ba shi ikon raba baiwa ba. Da an bi ƙa'idar jamu sau da ƙafa, da muryar Joliba ta ƙare wajen korar birai, da mai hoton ya mutu yana feƙe katako. Uban da ke tsaye a ƙofar gida yana hana ɗansa abin da aka halicce shi dominsa, wai don kare sunan gida, ya kamata ya tambayi kansa su wane ne suka sa aka san sunan Keita a Tokiyo da Barselona da Niyok.

Maganar zabiya kuwa ta fi gaggawa, domin rai ne a ciki, kuma babu jahar Nijar da ba a haifar su. Likitoci sun daɗe da bayyana al'amarin: ƙarancin sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launi ne, ana gadonsa daga uwa da uba baki ɗaya ko da su biyun baƙaƙe ne, ba ya yaɗuwa ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare, ba shi da haɗi da aljanu ko laifin uwa, jikin mai shi kuma ba ya ɗauke da wani sirrin arziki ko mulki. Babban abokin gabansa rana ce, wadda ke jawo masa ciwon dajin fata, a ƙasar da rana ba ta hutu. Abin da yaron ke bukata ba shi da tsada: malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, aikin inuwa maimakon gona da tsakar rana, man kariya idan an samu, da malamin lakol da zai zaunar da shi a bencin gaba ya kuma ƙara girman rubutunsa a allo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga watan Yuni na kowace shekara don tunawa da su, tun daga 2015, amma sauran kwanakin shekara a hannun iyaye da malamai da maƙwabta suke. Yaron da aka hana koyarwa a Mali saboda idonsa ya sami wata ƙofa. Da yawa irinsa ba su samu ba, kuma babu wanda ya rubuta sunayensu.

Allah ya jiƙan Salif Domingo, ya jiƙan Saidu mai hoto, ya jiƙan yarinyar Fana. Waɗanda suka saura kuma Allah ya sa su gama lafiya.